Kafin A Ja Wa Mota Layin Ado: Yadda Ake Shirya Fenti Don Kada Sitika Ta Ɓare

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai manna wa waya sikirin gad ya san yadda aikin yake. Kafin ya taɓa gilashin, sai ya yage 'yar takardar nan mai jiƙe da sifirit ya goge fuskar wayar, ya bi da busasshen ƙyalle, sannan ya ɗauko wata 'yar sitika yana dangwalawa yana tsince ƙurar da ido bai cika gani ba. Manna gilashin kansa bai fi daƙiƙa goma ba. Idan kuwa ƙwayar ƙura ɗaya ta tsira, kumfa ta samu wurin zama ke nan a tsakiyar sikirin har ranar da gilashin zai fashe.

Haka abin yake ga siraran layukan adon da ake ja a gefen mota, daga fitilar gaba zuwa ta baya. Jan layin aikin minti talatin ne. Abin da ke sa ya shekara uku a jikin mota, ko ya fara ɗagowa cikin wata guda, an gama shi tun kafin a warware naɗin sitikar.

A Tsiga ta ƙaramar hukumar Bakori, da sauran garuruwan noma da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, bayan kaka ne ake waiwayar mota. Masara da waken suya da auduga sun fita kasuwa, kuɗi ya shigo hannu, Golf ko Sharon ɗin da ta kwashe damina tana jigilar taki da ma'aikata a kan hanyar jar ƙasa ita ma sai a ce a yi mata kwalliya. Inda gizo ke saƙar shi ne, lokacin da kuɗin ke samuwa shi ne lokacin da hunturu ke kankama, wato lokacin da ƙura ta fi yawa a iska, kuma gam da ƙura ba sa ga maciji.

Layin adon iri biyu ne. Akwai na asali wanda ake ja da buroshi da fenti, sana'ar da ta girmi mota kanta, domin tun zamanin keken doki ake yi wa kekunan masu hali layuka a Turai. A shekarun 1950 wani mai zane a Kalifoniya ta Amurka, Kenny Howard, wanda aka fi sani da Von Dutch, ya farfaɗo da ita a jikin motoci da baburan matasa, kuma laƙabinsa ne a kan hulunan nan da samari ke sawa. Kamfanin Rolls-Royce har yanzu da hannu ake ja wa motocinsa layi a masana'antarsa da ke Goodwood a Ingila. A gida Najeriya, masu zanen bodin manyan motoci ne suka riƙe wannan hannu, kuma baƙaƙen layukan da ke jikin motocin danfo masu ruwan ɗorawa a Legas sun zama tambarin birnin. Na biyu shi ne sitikar roba mai gam a bayanta, wadda ake saya a naɗe, ko a tsara ta a kwamfuta injin yanka ya fitar da ita a shagunan buga bana. Ita ce matasa suka fi yi, don ta fi araha kuma ba ta buƙatar hannun gwani. Sai dai shirin da fentin mota ke buƙata kusan ɗaya ne ga duka biyun.

Fentin mota bai fi kaurin takarda ba

Abin da ake gani kamar fenti ɗaya a jikin mota hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai maganin tsatsa da firaima, a kansu akwai launi, a saman duka kuma akwai wani shafi garai-garai kamar gilashi wanda masu fenti ke kira kiliya. Ita ke ba da ƙyalli, ita ke kare launin daga rana. Idan aka haɗa duka, fentin da mota ta fito da shi daga kamfani yawanci yana tsakanin maikiron 100 zuwa 150, wato kusan kaurin takardar A4 guda ɗaya ko ɗan fiye. Kiliyar kaɗai ba ta cika wuce maikiron 35 zuwa 50 ba, silin gashin kai ma ya fi ta kauri.

Wannan lissafin ne ya kamata mai mota ya riƙe, domin goge fenti ba ƙara masa wani abu ba ne, kankare samansa ake yi har ya yi daidai da gindin ƙarcen da ke jikinsa. Duk gugar da aka yi, an rage wani abu da ba zai dawo ba. Ranar da kiliyar ta ƙare, sai sabon feshi.

Akwai 'yar na'ura mai auna kaurin fenti wadda ba ta kai girman waya ba, wasu ma suna haɗuwa da waya ta Bluetooth su adana sakamakon. Ana ɗora bakinta a jikin mota, ta nuna nisan da ke tsakaninta da ƙarfe. Idan ƙofa ɗaya ta nuna 120, ta kusa da ita ta nuna 350, an sake fesa ta biyun. Idan lambar ta doshi 1,000, akwai cikon fanabita a ƙasa. Abu biyu ne ba ta iyawa: ba ta karanta bambar roba, kuma jimillar kauri take bayarwa, ba na kiliya kaɗai ba. Wanda ba shi da ita zai iya naɗe ƙaramin mayen ƙarfe a ƙyalle ya bi jikin motar da shi, inda ya ji kamun ya yi rauni, akwai ciko a wurin.

Wani gwajin da ba ya cin ko sisi: a ɗiga man goge kaɗan a farin ƙyalle, a murza a wani lungu da ba a gani. Idan ƙyallen ya fito da launin motar, fentin ba shi da kiliya, kamar yadda ake samu a tsofaffin motoci da yawancin waɗanda aka sake fesawa da fenti mai arha. Irin wannan fentin ne rana ke mayarwa kamar alli, musamman ja da fari. Sitikar da aka manna a kansa ba ta kama mota ba, garin mataccen fenti ta kama, kuma tare za su fita.

Wanki

Ɗabi'ar da ta fi ɓata fenti a wannan yanki ita ce wadda kowane direba ke yi da sassafe: ya ɗauko busasshen tsumma ya share ƙurar da ta kwana a kan mota. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, yashi kuwa ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Sharewa a bushe daidai take da bin mota da samfefa kowace rana.

Don haka da ruwa zalla ake farawa, a kwarara daga sama zuwa ƙasa har jar ƙasar ta sauka da kanta, kafin soso ya taɓa jikin. Bokiti biyu ake ajiyewa, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da aka ɗebo daga ƙasan ƙofa ya koma kan bonet. Garin sabulun wanki bai dace ba, ƙwayoyinsa da ba su narke ba suna ƙarce. Sabulun ruwa na wanke kwanuka shi ma ba na kullum ba ne, saboda yana cire kakin da ke kare fenti, amma a wannan wankin guda ɗaya cire kakin ake so, don haka ya yi. A inuwa ake yi, kuma a tsane da tawul mai laushi nan take, domin ruwan rijiya da na burtsatse idan ya bushe da kansa yakan bar fararen ɗigo.

Bayan an tsane, sai a zura hannu cikin 'yar siririyar leda a shafa jikin motar a hankali. Ledar tana ƙara wa yatsu ji. Fentin da ido ke gani sumul sai a ji shi da gurzi-gurzi: ɗigon kwalta, ƙaron bishiyar da ake ajiye mota a ƙarƙashinta, kashin tsuntsu, ɓurɓushin fentin wata motar da aka fesa a kusa. Kwalta tana narkewa da ɗan kananzir a ƙyalle, amma dole a sake wanke wurin da sabulu saboda maiƙon da yake bari. Tina kuwa kada ta kusanci fenti, tana iya narkar da shi. Sauran gurzin ana ɗebe shi da wani abu mai kama da yumɓun roba da ake sayarwa a shagunan kayan gyaran mota da kasuwannin intanet. Ana jiƙa wurin da ruwan kumfa, a riƙa zame shi a kai ba tare da dannawa ba, a ninke idan ya yi datti. Idan ya faɗi ƙasa ya tashi aiki, domin yashin da ya kwasa zai koma jikin mota.

Fitilar waya ta fi ido gaskiya

Mota a tsakar rana takan rufa wa kanta asiri. A shigar da ita rumfa, ko a jira magariba, a kunna fitilar waya a riƙe ta kamar kamu ɗaya ko biyu daga jikin ƙofa. Kewaye da hoton fitilar za a ga siraran layuka zagaye-zagaye kamar yanar gizo-gizo. Aikin busasshen tsumman nan ke nan. Su ne ke warwatsa haske su sa baƙar mota ta koma ruwan toka. Waɗanda suka fi zurfi ana gwada su da farce: idan farce ya wuce bai tsaya ba, goge zai iya fitar da ƙarcen ko ya rage shi. Idan ya maƙale, ƙarcen ya yi zurfin da goge ba zai kai ba, kuma dagewa a kansa cinye fentin kewaye kawai zai yi.

Kyamarar wayar ma tana da aiki a nan. A manna tef ɗin takarda a raba wuri biyu, a goge gefe ɗaya, a cire tef ɗin a ɗauki hoto da fitila a kunne. A iPhone da yawancin wayoyin Android, danna sikirin a riƙe yana kulle haske da saitin hoto, don kada wayar ta gyara hoton da kanta ta yaudari mai ita.

Abu uku ake kira folish

Nan ne aka fi samun ruɗani, domin a shago duk kwalbar da ke sa mota ƙyalli sunanta folish. Alhali akwai kampawun, mai kaushi, wanda ke yanke saman fenti. Akwai folish na ainihi, mai laushi, wanda ke share sawun da kampawun ya bari. Sai kuma kaki, wanda ba ya yanke komai, shafi ne kawai da ke zama a kan fenti ya sa ruwa ya zame. Biyun farko kafin layi ake yinsu. Na ukun sai bayan layi ya kama. Kwalaben da aka rubuta cewa suna yin komai a shafa ɗaya galibi akwai kaki ko silikon a cikinsu, kuma su ne suka fi yawa a kasuwa.

Ƙa'idar ita ce a fara da mafi laushi a ƙaramin wuri, kamar faɗin tafi huɗu. Idan ya wadatar, ba sai an taɓa kampawun ba. Da hannu ma ana yi, da soso mai laushi, sai dai gajiya. Injin goge iri biyu ne: mai juyi ɗaya, wanda ke aiki da sauri amma yana tara zafi, da mai juyi biyu, wanda faifansa ke juyawa yana kuma karkaɗawa, shi ya sa da wuya ya ƙone fenti a hannun sabon shiga. Yanzu akwai masu batir irin na injin huda, abin da ke da amfani inda wuta ba ta da tabbas.

Abin da bai kamata a yarda da shi ba sam shi ne a ɗaura soson goge a bakin giranda ta masu walda. Injin goge yana juyi tsakanin kusan 600 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Ƙaramar giranda tana yin kusan 11,000. Daƙiƙa kaɗan sun isa ta huda kiliya, musamman a bakin ƙofa da kan ƙashin bodi inda fenti ya fi siranta, kuma abin takaici daidai nan ne layin ado ke bi.

Me ya sa ba za a ja layin tukuna a goge daga baya ba? Domin faifan injin yana kama bakin sitika ya ɗaga ta, man gogen kuma ya taru a gefenta ya bushe ya zama farin zare da ke wuyar fita. Bayan haka, layi jan ido yake yi. Duk wanda ya kalle shi, sai idonsa ya sauka a kan fentin da ke kewaye da shi.

Matakin da aka fi tsallakewa

Motar da aka gama gogewa tana sheƙi, ana ganin fuska a jikinta, kowa zai ce ta shirya. Ba ta shirya ba. Man goge yana barin maiƙo, kuma akwai silikon ɗin da masu wankin mota ke fesa wa taya da dashbod, wanda iska da tsumma ke kai wa jikin fenti. Silikon ba ya ganuwa, sabulu ma ba ya cire shi duka. Gam ba ya kama shi. Idan kuma layin fenti ne, sai fentin ya riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka zagayayyu waɗanda masu feshi ke kira idon kifi.

Maganinsa shi ne irin abin da ke cikin 'yar takardar mai sikirin gad, wato sifirit nau'in isopropyl. Masu yin sitikar mota da kansu shi suke cewa a yi amfani da shi. Farin sifirit na kemis, wanda ba a sa wa launi ba, yana iya tsayawa a madadinsa. Ƙyalle biyu ake riƙewa, a shafa da jiƙaƙƙe, a bi da busasshe nan take kafin ya sha iska, ana juya ƙyallen zuwa sabon gefe, in ba haka ba maiƙon wuri kawai ake sauya masa. A fara gwadawa a lungu idan fentin na gareji ne, don wasu masu arha sukan dusashe. Daga nan hannu bai sake taɓa hanyar layin ba, domin maiƙon yatsa ma maiƙo ne.

Bidiyoyin YouTube da TikTok da ake koyon wannan aiki da su yawanci an ɗauke su ne a rufaffen gareji mai sanyi, shi ya sa ba sa maganar abin da ya fi damun mai mota a Tsiga. Manhajar yanayi a waya zafin iska take faɗa, ba na ƙarfe ba. Ranar da ta nuna digiri 35, rufin baƙar motar da ta wuni a rana zai iya haura 70. A kan irin wannan ƙarfen sifirit yana ƙafewa kafin ya yi aiki, sitika ta yi laushi ta miƙe, gam ya cafke tun ba a daidaita ba. Da asubar hunturu kuma gam ɗin ya sandare ya ƙi kamawa. Lokacin da ya fi shi ne da hantsi, a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa. Akwai ƙaramin ma'aunin zafi mai kama da bindigar wasan yara wanda ake nunawa daga nesa, amma bayan hannu ma ya isa: idan ƙarfen ya fi jikin mutum zafi, a jira. Busasshiyar iskar hunturu tana da wata illar, ita ce mai sa mutum ya ji tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota. Wannan cajin yana taruwa a fentin da aka goga, musamman bambar roba, ya riƙa jawo ƙura. Yayyafa ruwa a ƙasan wurin kafin a fara yana kwantar da ita.

Jan layin

Ana fara shimfiɗa tef ɗin takarda a matsayin jagora, a koma gaban mota a tsuguna a hango shi daga tsawo, domin karkata ta fi fitowa ta nan. Layukan saiti na kyamarar waya suna taimakawa wajen kwatanta gefen dama da na hagu. Shi wannan tef ɗin ma don fentin mota aka ƙirƙiro shi: wani ma'aikacin kamfanin 3M mai suna Richard Drew ya fito da shi a 1925, bayan ya ga wahalar da masu fesa wa mota launi biyu ke sha wajen raba iyaka. Salatif ba ya maye gurbinsa, yana barin gam, yana kuma iya ɗauke fenti mai rauni.

Sitikar ana kafa bakinta ne a gaba, a ja ta da tsawo a miƙe ba tare da an talle ta ba, a kwantar da ita sannu a hankali, sannan a bi da tsohon katin ATM da aka naɗe a ƙyalle ana dannawa. Wadda aka ja da ƙarfi za ta koma tsawonta na asali idan ta sha rana, bakinta ya janye. A tsakanin ƙofofi ake yankawa, a sarari, ba a kan fenti da reza ba, a lanƙwasa ɗan bakin zuwa ciki. Ingancin robar ma ya bambanta. A kayan Oracal na kamfanin Orafol na Jamus, alal misali, lamba 651 matsakaiciya ce da aka fi yin alluna da ita, 751 da 951 kuma sun fi siranta, sun fi bin lanƙwasa, ba sa saurin tsukewa.

Gam yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku kafin ya gama kamawa, don haka ba wanki a wannan tsakanin, bayan nan ma kada a saita bakin injin wanki mai ƙarfi a gefen layin. Sai a lokacin kaki ya samu shiga. Layin buroshi ya fi haka jira, makonni ake ba shi.

Motar da ta fito daga wurin feshi jiya kuwa lissafinta daban. Sabon fenti yana bushewa a sama cikin awanni, amma yana ci gaba da fitar da tururin tina na makonni. Sitika ko kakin da aka rufe shi da su suna tare tururin, sai kumfa ta taso, ko kuma ranar ɓarewa sitikar ta fito da fentin. Wata guda shi ne mafi ƙarancin jira, wasu fentin har wata uku.

Ranar da aka gaji da layin, ana ɗumama shi da na'urar busar da gashi, ko a bar motar ta ɗan sha rana, a ja shi a kwance a hankali, a share ragowar gam da sifirit. Sai dai fentin da ya shekara biyu ko uku a ƙarƙashin sitika bai ga rana ba, na kewaye da shi kuwa ya koɗe, don haka inuwar layin takan rage a jiki, ta fi fitowa a jar mota. Goge yana rage ta idan akwai sauran kiliyar da za a goga. Dillalan mota sun san wannan inuwar, kuma su ma yanzu da fitilar waya suke zagaya mota kafin su yi tayi.